Rashin kuɗi ne ko rashin shugabanci ya durƙusar da aikin ɗan sanda?

Baban Ilham (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum jama'a. Maganar 'yan sanda ta daɗe tana yawo a zauren nan a gutsure, yau wani ya kawo ƙorafi, gobe wani ya kare su, a watse ba a cimma komai ba. Wasu sun tsaya a kan cewa kuɗin aiki ne babu, wasu kuma sun ce kuɗin na nan, masu riƙon ne suka ci amana. Tunda muna da tsofaffin jami'ai a cikinmu da lauyoyi da matan bariki, ina ganin gara mu baje ta gaba ɗaya. Roƙona biyu ne: kada a kama sunan caji ofis ko jami'in da ke bakin aiki, kuma ban da zagi.

Alhaji Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Ni dai maganar rashin kuɗin nan ba ta shiga kaina. An fasa min shago da daddare aka kwashe diloli, gari na wayewa na tafi caji ofis. Kafin a ɗauki bayanina sai da na sayi takarda da fayil. Da za a je duba shagon, ni na zuba wa motar mai. Da labari ya zo cewa an ga kayan a wata jiha, aka yi min lissafin kuɗin mota da abinci da masaukin waɗanda za su je, na biya. Ko yadi ɗaya bai dawo ba. To kusan naira tiriliyan ɗaya da aka ware wa 'yan sanda a kasafin 2024 ina ta shiga? Ni aka yi wa sata, ni kuma zan ɗauki nauyin gwamnati?

Tsohon Sufeto:
Alhaji, Allah ya mayar maka da mafi alheri. Abin da aka yi maka ba daidai ba ne kuma ba zan kare shi ba. Amma na sa kakin nan tun ina saurayi har na yi ritaya, bari in gaya maka yadda kuɗin ke tafiya.

Kaso mafi tsoka na wannan kasafin albashi ne, don mutum wajen 370,000 ake biya. Abin da ya rage shi ne kuɗin gudanarwa da na manyan ayyuka, kuma shi ne ba a saki duka. Majalisa ta amince da adadi a takarda, a saki wani ɓangare, shekara ta ƙare a kan sauran. Wanda aka saki ɗin ma daga hedikwata a Abuja zai faro, ya bi ta matakai har ya iso wurin kwamishina, kafin a waiwayi DPO, wato shugaban caji ofis. A ofisoshin da na zauna, abin da ke isowa hannun DPO bai isa ya riƙe motar sintiri ɗaya ta yi mako ba, wani watan ma shiru kake ji.

Ga kuma abin da ke wuyansa. Man mota da gyaranta. Abincin waɗanda ke tsare a sel. Man janareta. Takarda da biro. Kai wanda ake tuhuma kotu. In an tsinci gawa a bakin titi, shi zai nemo motar kai ta mutuware. In ɗaya daga cikin yaransa ya ji rauni a fagen aiki, shi zai fara kai shi asibiti. Ba mai tambayarsa da me ya yi, tambayar kawai ita ce me ya sa bai yi ba.

Kuma ku lura, a ƙasar nan ba a fitowa fili a ce an rage kasafin 'yan sanda, adadin ma ƙaruwa yake yi kusan kowace shekara. Amma kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dala ta tashi daga wajen 460 ta kai 1,500. Taya da batir da oba-oba dukansu da dala ake shigo da su. Duk DPO da kuɗin gudanarwarsa bai bi wannan tashin ba, an yanke masa ke nan ba tare da sanarwa ba.

Abin da ke fara mutuwa shi ne sintiri, motar ta koma tsayuwa a mararraba ɗaya don kar mai ya ƙare. Bayansa bincike. Sai ya zama shari'ar mai iya biya ce ake bi, talakan da aka ƙwace wa waya a rubuta a littafi a ce ya je za a neme shi. Wannan shi ya fi min ciwo a duk aikin, don na sha rubuta ƙorafin da na san ba mai taka ƙafa a kansa.

Lauyar Talakawa:
Baba Sufeto, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa na gani da idona, har fayil na sha saya wa waɗanda nake karewa. Amma akwai inda lissafinka bai kai ba. Da a ce kuɗin da ake karɓa a shinge da na beli a tankin mota suke ƙarewa, da sai mu ce larura ce. Alhali sama suke hawa. Kurtu na da kason da zai kai wa na gaba da shi, shi ma ya miƙa gaba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da dogon rahoto a 2010 kan wannan tsarin, da bakin 'yan sandan kansu. Wurin da ake sayen fostin saboda yana kawo kuɗi, ai ba talauci ne ya kafa shi ba.

Mu duba can ƙoli. Marigayi Tafa Balogun yana Sufeto Janar ya sauka a Janairun 2005, EFCC ta gurfanar da shi kan biliyoyin naira, ya amsa laifi, aka ba shi wata shida. A 2013 John Yusuf na ofishin fanshon 'yan sanda, wanda aka kama da hannu a wawure biliyoyin kuɗin tsofaffi irinka, tarar naira 750,000 aka yanke masa ya biya ya tafi gida, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara shida. Waɗannan kuɗin an ware su, an sake su, sun iso. Rashin kasafi bai taɓa su ba.

Sannan ga abin da ba ya cin ko kwabo. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum kan rikicin bashi ko ciniki. Har gobe ana tsare uwa don ɗanta ya gudu. Wane kasafi ake jira kafin a daina wannan?

Tsohon Sufeto:
'Yata, ban musa ba. Amma ki tambayi kanki ta ina ƙofar ta buɗe. Ranar da hukuma ta ce wa DPO ya nemo yadda zai yi, ranar ta rasa bakin tambayarsa nawa ya tara da inda ya kai. Wanda ya karɓi dubu biyar don mai, gobe zai karɓi goma ya sa biyar a aljihu, kuma na samansa ba zai iya hukunta shi ba don ya san bai ba shi komai ba.

Maman Sadik:
Ni matar ɗan sanda ce, a bariki nake. Ina karanta ku ina jin zafi ta kowane ɓangare. Maigidana da kuɗinsa yake ɗinka kaki, da kuɗinsa yake sayen takalmi. Ɗaki ɗaya muke da yara, bayan gida na haɗaka, rufin yana yoyo, mu muke karo-karo mu kira mai gyara. In aka yi masa canjin wurin aiki, sigina, wato takardar umarni, kawai zai gani, kuɗin tafiya sai dai mu ci bashi. Yakan fita da yamma ya kwana a tsaye, safiya ta yi a ce wanda zai karɓe shi bai zo ba, ya zarce. Mutumin da bai yi barci ba, ga bindiga a hannu, ga tunanin kuɗin makaranta, shi ake so ya yi wa jama'a magana da taushi.

Amma Anti Lauya ta yi gaskiya a wani wuri. Abin da ya fi karya masa zuciya ba albashin ba ne. Waɗanda suka shiga aiki a bayansa sun wuce shi da igiya saboda suna da wanda zai ɗaga waya a Abuja. Shi da yake daji ana harbinsa an manta da shi, mai riƙe wa matar wani babba jaka yana samun ƙarin girma.

Ɗan Kano a Birmingham:
Allah ya kare mana su, Maman Sadik. Bari in kawo abin da ya faru a nan Ingila, don a nan an yanke kasafin a fili, an kuma ƙirga abin da ya biyo baya.

A 2010 gwamnatin David Cameron ta shiga tsuke bakin aljihu, Theresa May na ministar cikin gida, aka rage kuɗin da gwamnatin tsakiya ke ba 'yan sanda da kashi 20 cikin 100 a shekara huɗu. 'Yan sandan Ingila da Wales sun haura 143,000 a 2010, zuwa 2018 sun dawo wajen 122,000. An rufe ɗaruruwan ofisoshi, wasu an sayar da gine-ginen. Waɗanda aka fi zaftarewa su ne masu yawo a ƙafa cikin unguwa, waɗanda suka san mai shago da limami da yaran da suka fara lalacewa. An kuma sallami dubban ma'aikatan ofis, sai ya zama ɗan sandan da ya kamata yana waje shi ke zaune yana cike takardu. A 2015 wajen kashi 15 cikin 100 na laifukan da aka kai rahoto ne ke kaiwa ga tuhuma, zuwa 2019 abin ya faɗo ƙasa da kashi 8. A nan ba mai ce maka ka kawo kuɗin mai. Lamba za a ba ka ta waya ka kai wa kamfanin inshora, shi ke nan an rufe fayil.

Da abin ya yi tsamari Boris Johnson ya yi alkawari a 2019 zai ɗauki sababbi 20,000, kuma an cika adadin a 2023. Sai dai ƙwararrun da suka tafi ba su dawo ba, aka cika rundunar da sababbin shiga, masu kula da su kuma sun yi kaɗan. Masu sa ido kan aikin sun gano a 2022 cewa an bar ɗaruruwan mutanen da bai kamata su tsallake tantancewa ba sun sa kaki.

Bayan wani ɗan sanda da ke bakin aiki ya sace wata mata mai suna Sarah Everard ya kashe ta a 2021, aka sa Baroness Casey, 'yar majalisar dattawan Birtaniya, ta binciki rundunar Landan. Rahotonta na Maris 2023 ya taɓo duka abin da Baba Sufeto da Lauya ke jayayya a kai. Ta ce tsuke aljihun ya yi ɓarna, amma shugabanni ne suka zaɓi inda wuƙar za ta faɗa: suka kare rundunoni na musamman, suka bar ofisoshin unguwa da masu binciken fyaɗe da cin zarafin yara a wulaƙance, har firjin ajiye shaidun fyaɗe suna cika maƙil suna lalacewa. Ni abin da na ɗauka shi ne, in kuɗi ya ragu dole wani wuri ya sha wuya, amma wane wurin, wannan hukuncin mutum ne.

Alhaji Mai Atamfa:
To ka ji. Su da suke da wuta da kwamfuta ma ke nan.

Tsohon Sufeto:
Ɗan Kano, abin da ka faɗa na ɗaukar mutane da gaggawa mun riga su gani. Zamanin Obasanjo, daga 2000, aka ce a riƙa ɗaukar 40,000 duk shekara. Kwalejojin ba a faɗaɗa su ba, malamai ba a ƙara ba. Na karɓi yaran da suka fito horo ba su iya rubuta bayanin mai ƙara ba. A Fabrairun 2002 ƙananan jami'ai suka yi yajin aiki kan haƙƙoƙinsu, abin da ba a taɓa gani ba, ba a jima ba aka sauke Musiliu Smith. A Janairun 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna halin da kwalejin Ikeja ke ciki, ɗakunan kwana kamar kango, har Shugaba Jonathan ya je da kansa ba sanarwa. Yaron da aka horar a cikin ƙasƙanci, me ake jira ya fito ya yi wa jama'a?

Lauyar Talakawa:
Ɗaukar aikin ma ai rigimar shugabanci ce ta dabaibaye shi. Tun 2019 Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda da ofishin Sufeto Janar ke jan-in-ja kan wa ke da ikon ɗaukar kurata 10,000, sai a 2023 Kotun Ƙoli ta ce hukumar ce. A 2024 kuma rundunar ta fito ta yi fatali da jerin sunayen da hukumar ta fitar. Shekarun da aka ɓata a wannan, mutane na ritaya, wasu na mutuwa, ba a cike gurbinsu yadda ya kamata.

Ga kuma rabon waɗanda ake da su. Mike Okiro, tsohon Sufeto Janar, yana shugaban waccan hukumar ya faɗa a 2018 cewa sama da 150,000 suna gadin manya da waɗanda ma ba su cancanta ba. Kusan kowane sabon Sufeto Janar sai ya ba da umarnin a janye su, bayan 'yan makonni su koma. A Nuwamban 2025 Shugaba Tinubu da kansa ya sake ba da umarnin. Ina fatan wannan karon ya tabbata, amma gadin nan kuɗi yake kawowa ga masu tura su, shi ya sa yake da wuyar mutuwa.

Malamin Ƙauye:
Ku kuna maganar fayil da takarda, mu a kudancin Katsina maganar rai muke. Ofishin da ke kula da mu yana da ƙauyuka masu yawa a ƙarƙashinsa, jami'an ba su taka kara sun karya ba, mota ɗaya. 'Yan bindiga su zo a kan babura da yawa, kowane da mutum biyu ko uku. In ka kira, wani lokacin gaskiya suke gaya maka, ba za su iya fitowa ba sai gari ya waye. Ban ga laifinsu ba, na ga gawarwakinsu su ma. Amma a ranar da ɗan siyasa zai zo jaje, motocin mopol da ke biye da shi sun fi duk abin da ƙaramar hukumarmu ta mallaka. Ashe akwai su.

Shi ya sa da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma a Oktoban 2023 muka yi murna, Zamfara ma ta kafa Askarawa a farkon 2024. Yaranmu ne, sun san daji.

Abba Na Gwagwarmaya:
Maganin ke nan, 'yan sandan jihohi! Sashe na 214 na tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan, kwamishina daga Abuja yake karɓar umarni. Gwamnoni ke sayen motocin sintiri, Legas tun 2007 ta kafa asusun tsaro tana zuba wa 'yan sandan tarayya kaya, amma ba gwamnan da zai iya canja ko DPO ɗaya. Wanda ke biya ba shi da iko, mai iko ba ya biya. A gyara sashen kowa ya riƙe nasa.

Dattijon Zaure:
Abba ɗana, a yi a hankali. Mun taso mun tarar da 'yan dokan En'e, wato 'yan sandan hukumomin gargajiya, kuma iyayenmu da suka yi jam'iyyar NEPU sun ba mu labarin abin da suka sha a hannunsu lokacin zaɓe. Dalilin da ya sa aka haɗe su da na tarayya zamanin Gowon ke nan. Sannan jihar da malaman firamare ke bin ta bashin albashi, in ta ba matasa bindiga ta kasa biyansu wata uku, wa zai iya runtsawa? Ban ce kar a yi ba. Na ce a fara nuna min inda albashin zai fito da wanda zai hana gwamna aika su gidan abokin hamayya.

Baban Ilham (mai kula da zaure):
Maganar 'yan sandan jihohi mu ware mata rana, tana da faɗi. Mu koma kan kuɗi da riƙo.

Lauyar Talakawa:
To ga gwaji da aka riga aka yi. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, aka ce a riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin asusun tarayya don horo da kayan aiki da walwala. Jihar Ribas ta kai ƙara, a 2022 babbar kotun tarayya ta ce cirewar ta saɓa wa tsarin mulki. Amma ko a ajiye shari'ar, Maman Sadik, ke da ke bariki, me ya iso gare ku?

Maman Sadik:
Mun ga an yi wa wani gini fenti, an kawo motoci an ɗauki hoto. Bayan EndSARS an yi ƙarin albashi, ba zan ɓoye ba, mun gani a asusu. Tsadar kaya ta cinye shi kafin mu saba da shi.

Lauyar Talakawa:
Abin da nake nufi ke nan. Kuɗi in ya shiga ta sama, kwangila yake zama, don a kwangila ake samu. Ba mai samun komai a man sintirin ƙauyen Malam. Ni da za a ji tawa, kowane caji ofis a buɗe masa asusunsa, kuɗin gudanarwa ya faɗa kai tsaye duk wata ba tare da ya bi ta hannun kowa ba, a liƙa adadin a bango kusa da kanta inda aka rubuta beli kyauta ne. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na unguwa ya riƙa ganin rasit. Alƙalan majistare kuma su riƙa kai ziyarar wata-wata da dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora musu, su buɗe sel su ga wa ke ciki da dalili. Ranar da Alhaji ya san an turo kuɗin mai, zai iya cewa ba zai biya ba.

Alhaji Mai Atamfa:
Wallahi da na ga adadin a bango da sai an kai ruwa rana kafin in ciro ko sisi. Amma mu ma 'yan kasuwa da namu, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu ne ke kai wanda muke bi bashi caji ofis mu ba da na goro a tsare shi, don kotu na ɗaukar lokaci.

Tsohon Sufeto:
'Yata, na yarda da asusun kai tsaye, da an yi shi a zamanina da na yi aiki da kai a sama. Amma ki haɗa da abu biyu. Na farko, a daina sayar da kujerar DPO, don wanda ya biya kafin a tura shi sai ya fanshe, ko nawa aka liƙa a bango. Na biyu fansho. An fitar da sojoji da DSS daga tsarin fanshon karo-karo an bar mu a ciki. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja, wasu da sanda suke dogarawa, abokan aikina na cikinsu. Kurtun da ke tsaye a shinge yau yana kallon hotunan nan a wayarsa, ya ga saje da sufeton da suka koya masa aiki suna roƙon haƙƙinsu a bakin titi. Duk wa'azin da za ki yi masa kan amana, lissafin da ke ransa shi ne ya gina ko ɗaki biyu kafin a karɓi kakin.

Malamin Ƙauye:
Baba Sufeto, kwamitin hulɗa da jama'ar da Lauya ta ambata, mu ba mu taɓa jin an kira taronsa a wajenmu ba. Wa ke kafa shi, DPO ko mu?

Tsohon Sufeto:
Da DPO ake kafa shi, amma ba sai kun jira ya neme ku ba. Ku sami hakimi ko dagaci ya jagorance ku, da limami da shugaban 'yan kasuwa da wakiliyar mata, ku rubuta takarda ku kai, ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa. In an yi shiru, ku kai kwafin ofishin eriya kwamanda. Ku kuma kula kar masu kuɗin gari su mamaye kujerun, don na ga inda kwamitin ya koma wurin tara wa ofis kuɗin taya kawai, ba mai tambayar komai.